Waƙar Tada Gimbiya

Har yau Mai Fenti ake ce masa, alhali rabonsa da riƙe buroshi tun autarsa na ciki. Mutanen layin nan in sun laƙa maka suna sun laƙa ke nan, ko da tuƙin jirgin sama ka koma. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Rufin ya biyo gangaren matattakalar, don haka duk wanda ya shiga ta hagu sai ya rusuna ko bai yi niyyar gaisuwa ba. A ciki akwai teburi, da bencin masu jira, da naɗe-naɗen ledar sitika ja da fari da shuɗi a jingine a lungu, da injin da ke yanka haruffa daga jikin ledar. A ƙarƙashin teburin kuma Gimbiya take.

Gimbiya kwamfuta ce irin ta da, mai akwati, wadda farinta ya dafe don tsufa. Tela ne ya raɗa mata sunan, wai bai taɓa ganin wadda ake lallashi kafin ta tashi daga barci kamarta ba. Za mu zo kanta. A fara da mai ita.

Tun yana yaro surar rubutu ta fi ba shi sha'awa fiye da abin da rubutun ke faɗa. Malamai sun gaji da shi, don sai a gama darasi yana nan yana ƙawata harafin farko, ya yi masa ciki, ya yi masa wutsiya. Da makaranta ta sallame shi, ko shi ya sallame ta, har yau ba a tantance ba, sai ya bi wani mai rubuta allunan shaguna, yana wanke masa buroshi yana riƙe masa tsani. Bai jima ba ya hau tsanin da kansa. An yi zamanin da in ka tsaya a bakin titi ka duba gabas ka duba yamma, rabin abin da idonka zai karanta hannunsa ne: kantin magani, shagon aski, bayan motar haya, ƙofar makarantar yara. Yakan ce haruffa ma maƙwabta ne, in ka matse su sai su yi faɗa, in ka nesanta su sai su daina gaisawa.

A kan tsani ya haɗu da matarsa. Yana rubuta allon shagon yayanta, ta fito ta ɗaga kai ta ce masa harafi na uku ya karkace. Bai karkace ba. Ya sauko don ya yi musu, musun da har yau ba a gama ba, sai dai an samu 'ya'ya huɗu a tsakiyarsa.

Yana cikin ganiyarsa hannun dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan ne, sai in ya kai ƙarshen dogon layi. Ya ɓoye abin iya ƙoƙarinsa, ya koma yin haruffa masu kauri don su haɗiye kuskure, ya riƙa tallafe tsintsiyar hannun da na hagu. Amma jiki magayi. Ranar da wani mai shagon takalma ya tsaya gaban sabon allonsa ya tambaya cikin ladabi ko wani sabon salo ne aka shigo da shi, Mai Fenti ya wanke buroshinsa tas, ya ɗaure su da roba, ya ɗora a saman kabad. Ya yi watanni a zaune a ɗaki yana kallon bango. Matarsa ta ce a lokacin ko tari ya yi sai ta ji sanyi a ranta, don ta san dai da mutum a ɗakin.

Wani mai gyaran kayan lantarki da ke saman benen, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya ciro shi daga wannan zama. Ya haɗa masa Gimbiya da injin yanka, duka na hannu, ya nuna masa yadda zai tsara haruffa a fuskar kwamfuta, wuƙar injin ta ƙarasa sauran. Ikon Allah, hannun da ke rawa a iska, in ya dafa maɓalli sai ya natsu. Da Mai Fenti ya ga wuƙar ta ja layi miƙaƙƙe daga farko har ƙarshe, sai ya ce yana zuwa, ya fita ya tsaya a bayan matattakala har idonsa ya bushe.

Shekara ba ta zagayo ba aka kawo wata mahaukaciyar wuta, irin mai fasa ƙwan fitila, ta shiga cikin Gimbiya ta yi ɓarna biyu. Ta ƙone kafar da hoto ke bi ya fito a fuska. Ta kuma cinye mazaunin wani ɗan batir mai faɗin maɓallin riga, wanda aikinsa shi ne ya riƙe wa kwamfuta tunaninta idan babu wuta. Ta farkon Injiniya ya yi mata dabara, ya dasa wata kafar hoto da ya ciro daga wani wuri. Ta biyun ta gagare shi. Shi ke nan Gimbiya ta zama mai mantuwa. Muddin akwai wuta a jikinta tana sane da komai, amma da an ɗauke sai ta manta an yi mata sabon ido, ta koma neman gani da wanda ya ƙone. Fuska ta yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, ita kuma tana can ciki tana jiran a gaya mata.

Kowace kwamfuta tana da wani ɗaki da ake shiga tun ba ta gama farkawa ba, inda ake zaɓa mata yadda za ta tashi. A nan ake gaya wa Gimbiya da wane ido za ta duba. A nan kuma ake hana ta gyangyaɗi, don an halicce ta da son tsimin wuta, in aka ƙyale ta sai ta lumshe ido wuƙa na tsakiyar aiki ta bar harafi rabi. To amma ɗakin nata duhu ne, tunda sai an juya idon za a ga abin da ake yi. Dole a shiga da lalube. Za ka ce me ya hana a sake wata kwamfutar? An gwada. Injin yankan bai san yaren kowa ba sai nata, ta wata faffaɗar kafa da ke bayanta, irin wadda aka daina yi tuntuni.

Injiniya yana da 'yar'uwar Gimbiya a shagonsa, mai lafiyayyen ido. A kanta ya bi hanyar yana kallo har ya haddace, ya sauko ya koya wa Mai Fenti da maɓallan kibiya: nan ka sauka, nan ka shiga, nan ka juya, nan ka fita. Ya ciro biro daga kunne zai rubuta masa. Mai Fenti, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wa mutane sunayen shagunansu don kada a ɓata, ya ce wa ya taɓa rubuta hanyar gidansu? Maimakon takarda sai ya sa wa abin kari, ya zama waƙa:

Ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa, Gimbiya na barci,
ƙasa, ƙasa, shiga ɗaki…

Daga nan ta ci gaba da gangarawa, ta juya, ta fita, ta ajiye, ta ƙare da "sai ta tashi". Kowace kalma da maɓallinta. Bayan wasu shekaru Injiniya ya tattara ya koma wani gari, labarinsa ya yanke, 'yar'uwar Gimbiya kuwa masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yi gaba da ita. Hanyar ɗakin nan mai duhu ta rage a bakin mutum ɗaya.

A layin da ake ɗauke wuta ba sallama a dawo da ita ba gafara, waƙar ta sha reruwa. Da an ji keken tela na lantarki ya ɗauka, sai a ji murya ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin matattakala tana ƙwanƙwasa wa Gimbiya ƙofa. Tela yakan leƙo ya durƙusa da gangan ya ce ranki ya daɗe, an tashi lafiya, ya gajiyar sarauta? Mai agogo, wanda ba ya dariya sai da dalili, yakan ce shi dai bai taɓa ganin injin da ke aiki da kirari ba. Mai Fenti bai kula su ba. A shagon nan ya aurar da 'ya'ya, a nan furfura ta same shi, kuma har yanzu in ya tsara suna a fuskar kwamfuta sai ya ja da baya ya karkata kai, ya matsa wannan harafi kaɗan, ya ja wancan kaɗan, abin da mai shagon ba zai taɓa lura da shi ba.

Mantuwar ba rana ɗaya ta zo masa ba. Yau makulli a jikin ƙofa, gobe ruwan shayi a kan wuta har ya ƙone. Wata rana ya kira jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu tun suna yara, kuma bai gane abin da ya sa ɗakin ya yi tsit ba. Shi a wurinsa abin ba ciwo, har da wani sauƙi-sauƙi ma. Abubuwa sukan kwance igiyarsu su yi ta shawagi. Yana tafiya shago da safe sai ya ga allon wani mai aski na da, fentinsa ɗanye yana sheƙi, a wurin da yanzu ake sayar da wayoyi, har ya ji warin kananzir ɗin wanke buroshi. Sai ya tsaya ya duba tazarar haruffan, ya ga sun zauna lafiya, ya wuce yana jin daɗi. Wani lokaci a mararraba yakan rasa ko zuwa yake ko dawowa, sai ƙafarsa ta yanke masa hukunci.

Babbar 'yarsa nas ce a asibiti, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa Uwata yake kiranta. Ita ta kai shi aka duba shi, ita ta ji abin da likita ya faɗa, ita kuma ta zaunar da shi ta ce ya bar shagon. Tsoronta wuƙa da wuta da tsallaka titi. Ya ƙi. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, uban yana zaune yana kallon ƙasa, don ya san zaman gida, ya taɓa ɗanɗana shi. Daga ƙarshe suka yi sulhu.

"Baba, to mu yi alkawari," ta ce. "Ranar da ka kasa tada Gimbiya da kanka, ranar za mu rufe."

"Na yarda, Uwata," ya ce, har da dariyarsa, don a ganinsa daidai yake da a ce sai ranar da ya manta sunansa.

Tun daga nan kullum in ta tashi daga aiki sai ta biyo ta layin, wai gaishe shi ta zo yi, amma idonta na kan fuskar kwamfutar. Sannan ta wuce gida ta ɗauki jaririnta da take bar wa mahaifiyarta.

Ranar da abin ya faru safiya ce mai laushi, an ɗan yi yayyafi. An ɗauke wuta, an dawo da ita. Akwai aikin wata mata da za ta buɗe shagon gyaran gashi, ta zaɓi jar leda, tana so a sa mata fure a gefen sunan. Mai Fenti ya cire hula ya rataye, ya zauna, ya kunna Gimbiya da babban yatsan ƙafa yadda ya saba, ya ɗora hannu a kan maɓallai ya buɗe baki. Ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa. Sai shiru.

Ya jira, ba ta zo ba. Ya san akwai waƙa, yana jin gurbinta a bakinsa kamar gurbin haƙorin da aka cire, amma ita kanta babu.

Ya dubi baƙar fuskar. Ya ga wani tsoho a ciki yana dubansa, da ƙofar shago a bayansa, da mutane ƙanana-ƙanana suna wucewa a cikin gilashin ba a jin takunsu. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ga kamar in ya ƙara matsawa zai iya shigewa, ya bi ɗakin nan mai duhu da ƙafa, yana shafa bango har ya taɓo idon ya juya shi. Ya hango Injiniya a can ciki zaune da biro a kunne. Ya hango tsaninsa na da a jingine, da ɗigon fenti a kowane mataki, kowane ɗigo ya san allon da ya fito. Da ya dawo hayyacinsa rana ta ɗaga, fanka na ta juyawa a ƙarƙashin teburi.

Ya gwada da ka. Ya danna nan ya danna can, ya ajiye, bai samu komai ba. Sa'arsa ɗaya, duk ɓarnar da ya yi a cikin duhun, in ya zare waya daga bango sai Gimbiya ta manta da ita, a sake sabon lale. Ya zare ya mayar, ya zare ya mayar. Tela ya leƙo ya tambaya ko yau Gimbiya yaji ta yi. Mai Fenti ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Keken telan na lantarki yana ta gudu a bayan bango, amma Tela mutumin kirki ne, ya ce lallai shi ma ya lura. Mai Fenti ya so ya tambaye shi ko ya riƙe waƙar, tunda shekara da shekaru yana jin ta ta bango. Sai dai tambayar kanta tonon asiri ce, kuma duk kirkin Tela, abin da ya ji da safe kafin rana ta take layin duka ya ji.

Tsoro ya kama shi. Ba mutuwa yake tsoro ba, bangon ɗakinsa yake tsoro, wanda ya san kowace tsaga a jikinsa. Da yamma Uwata za ta biyo, za ta ga fuskar baƙa, za ta fara taya shi naɗe ledoji. Shi kuwa bai saba saɓa alkawari ba, balle wanda ya yi wa mai sunan uwarsa.

Da tsakar rana ya ja ƙofar shago ya nufi gida, abin da ba ya yi. Shi kansa bai san me zai je yi ba.

Tun daga bakin ƙofa ya jiyo muryar matarsa. Tana tsaye a tsakar gida, ta ba shi baya, tana rarrashin jikan da ke rigimar barci, tana sauke shi tana ɗaga shi:

Ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa, Gimbiya na barci,
ƙasa, ƙasa, shiga ɗaki,
ƙasa, ƙasa, sama, sama,
ƙasa, juya, buɗe ido…

A wurin "shiga ɗaki" ta rungume yaron a ƙirji. A wurin "juya" ta juyo da shi, sai ga mijinta a tsaye ya riƙe ƙyaure, leɓensa na motsi.

Ashe tun zamanin da take kai masa abincin rana da auta a goye ta tsinci waƙar. Ba ta taɓa kai hannu jikin kwamfutar ba, ba ta ma damu da ita ba, karin ne ya yi mata daɗi. Da shi ta yi renon auta, da shi ta yi na jikoki, duk a lokutan da maigidan ke shago. Shekarun nan duka waƙar tana tada wata a can tana kwantar da wasu a nan, mai ita bai sani ba.

Ta dube shi, ta dubi rana, ba ta tambaye shi abin da ya dawo da shi ba.

"Ta ɓace mini," ya ce.

"To ai ga ta nan a gida," ta ce. "Bari in ɗauko mayafina."

A shago ta zauna a benci da yaron a cinya, shi kuma ya zauna gaban maɓallai. Ta riƙa faɗa masa kalma-kalma kamar mai ba da shifta, yana dannawa. Da suka kai ƙarshe ta ce ajiye, amsa, sai barci. Ya ce ba barci ba ne, tashi ne. Ta ce a gidanta dai barci ne. Gimbiya ta numfasa ta sake kunnuwa, fuska baƙa. Suka zare waya suka sake, baƙa. Ya ce ta lalata masa waƙa. Ta ce wanda ya yar da abu a hanya ba shi da bakin cewa mai tsintuwa ya sa masa datti. Sun ɗan ji daɗin wannan faɗan su duka biyun, don ya fi shirun da ke jiransu.

A zagaye na gaba hannunsa ya tsaya a wurin "sama". Ya ce shi kam bai tuna da sama a cikin waƙarsa ba, amma ya faɗa ne a hankali, irin na wanda ya daina amincewa da tunaninsa. Matar ta sunkuya tana gyara wa yaron riga.

"Ni na sa," ta ce. "Malam, waƙarka gangara ce zalla. Ƙasa, ƙasa, ƙasa. Wace uwa ce za ta yi ta rera wa ɗanta ƙasa ba ta ɗaga shi ba? Sai na sa sama."

Ya tambaye ta a ina da ina ta sa. Ta rantse ba ta sani ba. An daɗe, nata da nasa sun cakuɗe, kuma tana zargin ta ƙara wata ƙasan a wani wuri don ta yi daidai da saman. Suka cire sama duka suka gwada, baƙa. Suka rage ƙasa a nan, baƙa. Suka rage a can, baƙa. Inuwar benen ta tsallaka titi ta fara hawa bangon da ke kallonsu. Mai Fenti ya janye hannu ya ɗora a cinya. Ya dubi naɗin jar ledar matar nan mai son fure, ya ji tausayinta, ya ji tausayin kansa. Ya ce wa matarsa ta bari haka nan, iyakar ke nan.

Sai zafin shagon ya ishi yaron, ya tsala kuka. Kakar ta miƙe, ta sunkuya kaɗan saboda rufin, ta shiga rarrashinsa. Wannan karon ba shifta take yi ba, waƙa take yi da karinta duka, tana jan inda ake ja tana hutawa inda ake hutawa, ta ma manta da akwai wata kwamfuta a duniya. Mai Fenti ya jingina ya lumshe ido. Bai bi kalmomin ba. Ya ji shi a can saman tsani, iska na kaɗa masa riga, buroshi ya sha fenti daidai misali, ga dogon allo fari fat a gabansa, ga titi can ƙasa yana ta hayaniyarsa ba ruwansa da shi. Yatsan ƙafarsa ya laluba ya kunna Gimbiya. Da matar ta dawo farkon waƙar, hannun dama ya tashi daga cinya ya tafi wurin aikinsa. Ya ƙwanƙwasa, ya sauka, ya shiga. Inda ta ce sama, sai ya ɗaga ya tsaya a iska yana 'yar rawarsa har ta wuce. Inda ta ƙara ƙasan da ba tasa ba, ya ƙyale ta ta yi abinta. Ya juya, ya fita, ya ajiye.

Gimbiya ta yi ɗan ƙaranta guda, fuska ta kawo haske, fararen haruffa suka fara gudu a kai.

Matar ta gani, amma ba ta tsaya ba, don ba a katse wa yaro waƙa barci na tsakiyar ɗaukarsa. Ta ci gaba tana yi hawaye na bin kumatunta.

Lokacin da nas ɗin ta iso wuƙa ta gama yanka sunan, tana zagaya ganyen furen. Ta ga fuskar kwamfuta da haske, ta ga mahaifiyarta a benci da ɗanta yana barci.

"Umma, lafiya na gan ki a nan?"

"Zafi ne ya dame shi a gida, na fito da shi shan iska."

Nas ɗin ta dubi shagon da ko taga ba shi da ita. Ta dubi idon uwarta. Ta dubi ubanta, wanda ya duƙufa yana ɓare leda kamar bai san an shigo ba. Shi kuwa hukunci yake jira, don bai manta ba cewa "da kanka" aka ce. Ta ɗauki ɗanta ta saɓa a kafaɗa.

"Umma," ta ce, "daga gobe nan zan riƙa kawo miki shi. Ya fi mini kusa da asibiti."

Kowa a shagon ya san gidan ya fi kusa.

Haka aka ci gaba. Bencin masu jira ya samu matashi, aka samu wurin rataye zanen goyo a ƙusar da ke kusa da hular Mai Fenti. Tela ya ce lallai sarauta ta ƙasaita, yanzu har zabiya Gimbiya ke da ita. Aiki bai da yawa kamar da, kuma wani sa'in Mai Fenti yakan tsara suna ɗaya ya sake tsara shi, amma tazarar haruffansa ba ta taɓa kuskurewa ba.

Wata rana da yamma, yaron har ya fara zama da kansa, aka ɗauke wuta. Layin ya yi shiru, masu shaguna suka fito bakin ƙofa suna fifita. Mai Fenti yana kan kujerarsa ido buɗe, yana can wani wuri mai daɗi. Can sai keken tela ya ɗauka. Ya waiwaya, ya ga matarsa zaune a benci da yaro a cinya. Ya yi mamaki, ya kuma ji daɗi har cikin ransa.

"Ke kuma yau me ya kawo ki shago?"

"Wucewa nake," ta ce, "na ce bari in huta."

Ta ɗaga yaron, wanda ko alamar barci babu a idonsa, ta fara. Ƙafar Mai Fenti ta laluba ƙarƙashin teburi, hannunsa ya hau maɓallai. Shi kuwa ya karkata kai yana saurare.

"Wannan waƙa da daɗi take," ya ce. "A ina kika samo ta?"

Ba ta amsa ba sai da ta kai ƙarshe, fuskar Gimbiya ta kawo haske.

"Wani mai fenti ne ya koya mini."

"Allah sarki. Yana nan?"

"Yana nan," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya jawo farar leda ya saka a bakin injin.